Hakim Yunusa, Wanda Ya Koya Mini Sauraron Mara Lafiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni. Ina zaune a ɗakin duba marasa lafiya na ɗan asibitinmu da ke gefen gonakin Gedambaliya, na ɗaura wa wata tsohuwa abin awon jini a dantse, sai wayata ta yi ƙara. Ban saba ɗaukar waya ina kan aiki ba, amma da na ga sunan Abdurrahim, babban ɗan Hakim Yunusa, sai na ɗauka. Bai ja sallama ba. Ya ce, "Yaya Zainabu, Baba ya cika. Bayan sallar asuba. Za a kai shi bayan azahar."

Ban san abin da na amsa masa ba. Na dai ga hannuna yana ci gaba da matsa abin awon, har tsohuwar ta ce, "'Yata, kin matse ni da yawa. Lafiya?" Na sassauta, na ce mata Hakim Yunusa ne ya rasu. Sai ta ɗaga tafukanta biyu sama ta ce, "Al-Fatiha." Muka karanta tare, hannunta ɗaya yana ɗaure da abin awo, hawaye yana bin kumatunta. Mutanen da ke jira a rumfar waje suka ji, su ma suka ɗaga hannu. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya tambayi wane ne Hakim Yunusa.

Ga wanda bai san shi ba, sai in ce: ba babban likita ba ne. Mataimakin likita ne, irin waɗanda mutanen ƙauye a nan Sudan ke kira hakim. A garin Gadarif aka haife shi, cikin Hausawan da kakanninsu suka taso da niyyar Hajji da ƙafa, Allah ya tsayar da su a wannan baƙar ƙasa suka yi noma, suka hayayyafa. Dogo ne siriri, mai farin gemu kaɗan, mai tafiya a hankali kamar wanda ba abin da ke jiransa, alhali kullum layi ne a ƙofarsa. Ya fi shekara talatin yana duba 'yan ƙwadagon gona da iyalansu a ɗakuna biyu da rumfa ɗaya. Hausa yake yi da Bahaushe, Larabci da Balarabe, wanda kuma ba su da yare ɗaya da shi sai ya kama hannunsa ya ce, "Nuna mini inda yake maka ciwo."

Ni ba a matsayin ma'aikaciya na fara saninsa ba. Na zo masa ne a matsayin uwa wadda ta rasa yadda za ta yi.

A lokacin muna zaune a kambo, wato bukkokin 'yan ƙwadago da ke tsakiyar gona, ni da mijina Isa da 'yarmu Sakina mai shekara huɗu. Zazzaɓi ya kama ta tun ƙarshen damina. Muka ce na sauro ne, domin shi kowa ya sani. Isa ya sayo ƙwayoyi a kanti, ta sha, jikin ya ɗan yi sanyi kwana biyu ya dawo. Ya sake sayowa. Sau uku muna haka. Yarinya ta daina cin abinci, hannuwanta suka koma kamar karan dawa, cikinta kuwa yana ta girma. Tsofaffin kambo suka ce a kai ta a ƙona mata ciki da ƙarfe, wasu suka ce iska ce ta taɓa ta a gindin aduwa. Ran da aka shirya za a kira mai ƙunar, na goya ta tun da sassafe, na kama hanyar asibiti da ƙafa ba tare da na faɗa wa kowa ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne bai fara da taɓa ta ba. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa daga randa, ya ce, "Uwar yarinya, ba ni labari tun daga farko. Kada ki tsallake komai." Na yi ta magana, ina kuka ina haɗa gaba da baya, bai katse ni ba. Sai da na gama ya tambaye ni kwana nawa zazzaɓin ya yi. Na ce ya fi wata. Ya ja fatar idonta ta ƙasa ya duba, ta yi fari fat. Sannan ya kwantar da ita, ya ɗumama tafinsa da ɗan'uwansa, ya danna a hankali ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin.

"Kin ji wannan abu mai tauri?"

Na ce na ji.

"Saifarta ce ta kumbura. Ba iska ba ce, ba kuma zazzaɓin sauro ba ne. Ina zaton kalazar ne. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo shi, bai kai sauro girma ba, ba ya ma yin kuka a kunne. Yana ɓuya a tsagewar baƙar ƙasa da wajen itatuwa, ya fito da almuru ya yi cizo. Duk zazzaɓin da ya wuce mako biyu, aka sha maganin sauro bai tafi ba, mutum yana ramewa cikinsa yana girma, to wannan ake fara tunani a ƙasarmu."

Na tambaye shi ko za ta mutu. Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, "In aka bar ta haka, yana kisa. In aka yi mata allura kullum har ta cika kwanakinta, da yardar Allah za ki ga aurenta. Amma ba a nan ba. Sai an je Gadarif an gwada jininta an tabbatar."

A nan gizo ke saƙar, domin lokacin yankan riɗi ne. Wanda ya san riɗi ya san ba ya jira: in ya nuna aka yi jinkirin 'yan kwanaki, sai ya fashe ya zube a ƙasa. Abin da ɗan ƙwadago zai ci shekara a waɗannan kwanaki yake samunsa. Da na koma na faɗa wa Isa, ya ce in yi haƙuri a gama yanka, kwana goma ne kawai. Ba mugu ba ne mijina. Tsoron yunwa ne ya rufe masa ido, kuma ya yi fushi da na fita ban tambaye shi ba.

Washegari da rana tsaka, sai ga Hakim Yunusa a kan jakin aro, ya ratso gona har inda maza ke yanka. Ni ina kawo musu abinci, saboda haka a gabana aka yi. Ya sauka, ya gaisa da kowa, ya ɗauki damin riɗi ɗaya ya jinjina ya ce, "Masha Allah, bana ya yi kyau." Sai ya ja Isa gefe.

Isa ya ce, "Baba, ka gani da idonka. In na tafi yau, wa zai ba ni wannan aiki gobe? Kwana goma kawai nake roƙo."

Hakim ya ce, "Ɗana, na san riɗi yana zubewa. 'Yarka ma zubewa take yi. Riɗi in ya zube, baɗi za a shuka wani." Sannan ya ce, "Ban ce ka ajiye laujenka ba. Ka ba ni amanarsu kawai. Ina da gida a Gadarif, ina da mata, tana da ɗaki. Kai ka yi yankanka, ka zo ka same su."

Isa ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, Baba. Na ba ka."

A bayan lori muka shiga gari da yammar ranar. Gwaji ya tabbatar da maganar Hakim. Matarsa, Hajja Kaltume, ta karɓe mu kamar ta daɗe tana jiranmu, ta shimfiɗa mana gadon igiya a ɗakin 'ya'yanta mata. Kowace safiya in goya Sakina zuwa wurin allura. Allura ce mai zafi, yarinya ta yi kuka har muryarta ta dushe, ni ma in yi. A mako na biyu na ce wa Hajja ba zan iya ci gaba ba, tunda zazzaɓin ya sauka a bar ta haka. Da Hakim ya zo gida ranar Juma'a ta faɗa masa. A ranar na fara ganin ɓacin ransa. Ya ce, "Wanda ya nome rabin gona ya tafi, ciyawa ya yi wa aiki. Ciwon yana nan a kwance. Za ki cika kwanakin nan ko da ni zan riƙa goya ta." Na cika. Wata safiya ina wanke-wanke a tsakar gida, sai na ji muryar da na kwana biyu ban ji ba a bayana: "Inna, ina son asida." Hajja Kaltume ta saki abin da ke hannunta ta yi guɗa. Ta tuƙa mata asidar, wato tuwon nan mai laushi, da kanta, ta zauna tana kallonta tana ci.

A wannan zama ne ya lura ina karanta takardar asibiti da kaina. Ya tambaye ni inda na tsaya a makaranta. Bayan mun koma, ya ce in riƙa zuwa ranar da mata ke kawo yara, in yi musu bayani da irin maganarmu ta mata. Daga nan ya yi ta bin Isa da lallashi har na je na yi karatun jinya. Na dawo na yi aiki a ƙarƙashinsa shekara goma sha huɗu. Duk abin da hannuna ya iya a yau, a gefen teburinsa na koya.

Maganarsa ta farko gare ni ran da na fara aiki ita ce: "Mara lafiya yana zuwa da sunan ciwonsa a bakinsa. Ke dai ki yi shiru ya gama magana." In ya ga ina gaggawar miƙa magani, sai ya yi gyaran murya kawai, in gane.

Da damina, lokacin da laka ke rufe hanya har tarakta ma ta kafe, zazzaɓin sauro da gudawar yara ne aikinmu. Yakan tara mata a rumfa, ya sa a kawo tafasasshen ruwa lita ɗaya, ya zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokalin gishiri, ya juya, ya ba kowace ta ɗanɗana. Ya ce, "In ya fi hawaye gishiri, kin yi yawa, zubar ki sake." Ya koya musu su ɗan tsunkuli fatar cikin yaro: in ta tsaya ba ta koma da sauri ba, in ido ya faɗa, in fitsari ya ɗauke, to a ɗauko shi a zo ko da ruwa ake yi. Yakan ce, "Ba gudawar ce ke ɗauke yaro ba, bushewa ce. Kada ki hana shi nono, kada ki hana shi sha." Akwai shekarar da aka kawo mana wani jariri daga nesa, an makara ƙwarai, ya rasu a hannunsa. Ya wanke hannu, ya gama duba sauran mutane, sannan ya bi iyayen har kambonsu ya zauna zaman makoki. Bai ce musu kun makara ba. Sai bayan kwana uku ya koma, ya tara matan wurin ya dama ruwan gishiri da sukari a gabansu.

Yana da taurin kai, wannan kowa ya shaida. Mutanenmu suna son allura, gani suke in ba a soke su ba ba a yi musu magani ba. Wani direban tarakta ya taɓa zuwa da mura ya dage sai allura. Hakim ya ce masa ya je ya sha shayi da lemun tsami ya kwanta. Mutumin ya ce, "Ya Hakim, tun daga wajen Ƙala'at an-Nahal na zo, shayi za ka ce mini?" Ya ce, "To ka sha biyu, saboda nisan hanya." Duk rumfar ta fashe da dariya, har shi direban. Wasu sun yi fushi da shi a kan haka sun tafi wurin masu sayar da magani a kasuwa. Bai taɓa sauya ra'ayi don a so shi ba.

Akwai kuma Malam Sale mai agashe, abokinsa na ƙuruciya, wanda ke gasa nama a kasuwar gari. Yana da hawan jini, amma da ya ji sauƙi sai ya ajiye ƙwayoyin ya ce ya warke. Hakim ya yi ta fama da shi. Na ji yana ce masa, "Sale, hawan jini kamar gara yake a cikin azara. Rufi yana tsaye lafiya lau, ba ka jin komai, sai ranar da zai faɗo. Ka rage gishiri, ka sha ƙwayarka kullum, ko kana jin ciwon kai ko ba ka ji." Malam Sale ya yi dariya ya ce mai agashe ba ya rabuwa da gishiri. Da ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, Hakim ne ke zuwa kowace Juma'a yana miƙe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana koya wa iyalinsa yadda za su riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Ban taɓa jin ya tuna masa da gargaɗin da ya yi ba.

Ciwon shi Hakim kansa ni na fara ganinsa, ko in ce ni na fara furtawa. Na lura ba ya nisa da randa, ya sha ya sake sha, ya fita bayan gida ya dawo ya sake fita. Jallabiyarsa ta fara yi masa yawa. Wata rana da mutane suka watse na ce, "Baba Hakim, in wani ya zo mana da ƙishirwa da yawan fitsari da rama, me za mu ce?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Za mu ce ɗalibar nan ta fara raina malaminta." Sai ya miƙo yatsa. Na soka, na gwada. Ciwon sukari ne, kuma ya hau sosai. Ya kalli sakamakon ya ce, "Alhamdulillahi. Na san shi tun watanni, ina dai jin nauyin gaishe shi ne."

Ya riƙe kansa shekaru. Ya bar sukari a shayi, abin da ba ƙaramin jihadi ba ne ga mutumin Gadarif. Hajja Kaltume takan ce tun da ya koma shan gahawa mai ɗaci ta rasa gane ko fushi yake ko ɗanɗano ne. Ya rage asida da kisra, wato wainar dawa mai faɗi, ya yawaita ganye, yana shan maganinsa kan lokaci. Da ya yi ritaya ya koma gidansa na gari, muka ce to, yanzu zai huta.

Sai yaƙi ya koro mutane daga Khartoum da Jazira, garin Gadarif ya cika har makarantu suka zama gidaje. Amai da gudawa ya ɓarke, zazzaɓi iri-iri ya biyo baya. Ba wanda ya kira shi. Da kansa ya ɗauko tsohuwar jakarsa ya tafi wata makaranta da ke kusa da unguwarsu, ya sa tebur a ƙarƙashin bishiya. Ni ma aka turo ni gari na 'yan watanni, muka sake haɗuwa a wuri ɗaya, ina jin daɗi kamar an mayar da ni shekarun baya. Tun safe yake tsaye har la'asar. Magani ya yi wuya a lokacin, har nasa ma ba kullum yake samu ba, bai kuma faɗa wa kowa ba.

A nan ne abin da ke ci mini rai yake, kuma zan faɗe shi domin shi ya umarce ni. Na gan shi yana ɗingishi. Na tambaya, ya ce, "Ba komai, 'yata, tsufa ne." Na karɓa. Mako guda cur ina ganinsa yana jan ƙafa, ina karɓar "ba komai", ni da ya koya wa cewa mai ciwon sukari ba ya jin ƙafarsa, ƙaya za ta shige shi bai sani ba. Kunyar in ce wa malamina ya cire takalmi a gaban mutane ce ta hana ni. Sai ran da na ga danshi ya fito ta gefen takalminsa na fata, na jawo kujera na ce, "Baba, zauna." Ya ce akwai mutane. Na ce, "Su jira. Wallahi ba zan tashi ba sai ka cire." Na durƙusa na cire masa da hannuna. Ba zan kwatanta abin da na gani ba. Shi ma ya leƙa ya gani. Sannan ya ce a hankali, "Ƙaya ce. Ban ji shigarta ba."

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Aka fara da yatsu biyu, daga baya aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ya koma gida, aka sa masa gado a rumfar tsakar gida. Ko a haka mutane ba su bar shi ba, shi ma bai bar su ba. Mata na unguwa su kawo yara, ya ja fatar ido ya duba, ya ce wannan a kai shi asibiti yau, wannan a ba shi ruwa a bar shi ya yi barci. Amma jikin yana ta ja baya. Ƙodarsa ta fara gazawa, fuskarsa ta kumbura, ƙarfinsa ya tafi.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Juma'a ce, kwana goma sha ɗaya kafin rasuwarsa. Na same shi bayan la'asar, Hajja tana yi masa fifita. Ya tambaye ni labarin asibiti: ko an gyara rufin rumfa, ko mata suna zuwa awon ciki, ko bana kalazar ya yi yawa. Ina ba shi amsa, sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Mako guda ina ganinka kana ɗingishi."

Ya bar ni na yi kukana, kamar yadda ya saba barin mutum ya gama. Sannan ya ce, "Zainabu, ɗago ki dube ni. Shekara talatin ina ce wa masu sukari su duba tafin ƙafarsu kowace safiya, su zazzage takalmi kafin su sa. Ni ban duba tawa ba. Wannan ba naki ba ne, nawa ne, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma ga abin da nake so. In mai sukari ya zo miki, ki sa shi ya cire takalmi, ko sarki ne, ko ubanki ne. In ya ƙi, ki ba shi labarina. Ki faɗi sunana, kada ki ɓoye. Sun fi jin labari a kan nasiha."

Na ce na ji. Ya ce, "To share hawayenki ki sha gahawa. Ke a sa miki sukari."

Na isa Gadarif ranar jana'izarsa ana shirin fita da shi. Ban taɓa ganin unguwar ta cika haka ba. 'Yan ƙwadago suka zo a bayan tarakta da ƙurar gona a jikinsu, wasu tun daga Basunda. 'Yan kasuwa suka rufe rumfunansu. Mutanen da yaƙi ya koro, waɗanda ba su fi shekara biyu da saninsa ba, suka tsaya a sahu ɗaya da waɗanda aka haifa a hannunsa. Mu mata muna cikin gida muna jin salatin maza yana nisa. Hajja Kaltume ba ta yi kururuwa ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ko jiya sai da ya tambaya ko ruwa ya sauka a wajenku, wai kada hanya ta rufe wa masu zuwa asibiti."

Na koma aiki bayan sadakar bakwai. Aikin yana nan yadda yake, layi yana nan, ciwuka suna nan. Amma sau da yawa in wani ciwo ya ɗaure mini kai, sai in tsinci kaina na juya gefen dama zan ce, "Baba, zo ka gani." Ko bayan ritayarsa nakan kira shi a waya in karanta masa alamomi, ya saurara, ya yi mini tambaya ɗaya wadda za ta warware komai. Yanzu lambar tana nan a wayata, na kasa gogewa, na kuma san ba mai ɗauka. Ina kewar gyaran muryarsa. Ina kewar faɗansa ma. A makon nan na sa mutum uku sun cire takalmi. Ɗaya ya ƙi, dattijo ne mai jin kansa, na ba shi labarin Hakim Yunusa da sunansa kamar yadda aka ba ni amana. Kafin in kai ƙarshe ya sunkuya yana kwance igiyar takalmin da kansa.

Ya Allah, bawanka Yunusa ya zo gare Ka, Kai ne mafi alherin wanda ake zuwa wurinsa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yafe masa kurakuransa na fili da na ɓoye. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Duk zafin da ya sanyaya wa bayinKa, Ka sanyaya masa makwancinsa da fiye da shi. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa wajen tambaya, Ka sada shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Aljanna Firdausi.

Ya Allah, Ka ba Hajja Kaltume haƙuri da dangana, Ka zama gatanta a sauran kwanakinta. Ka shirya Abdurrahim da 'yan'uwansa maza da mata, Ka haɗa kansu, Ka sa albarkar mahaifinsu ta bi su har jikoki. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka mayar da waɗanda aka raba da gidajensu gida cikin aminci, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Mu da muka rage a bayansa, Ka ba mu ikon riƙe abin da ya bar mana, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Allah ya jiƙan Hakim Yunusa. Amin.